"Matashi mai jini a jika": Muhawara kan tallan neman akanta

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku duba mini wannan kafin in sake shi gobe da safe. Mai riƙe mana lissafi zai ajiye aiki ƙarshen wata, ina so in cike gurbin da wuri.

"ANA NEMAN AKANTA. Kamfaninmu na rarraba kaya yana neman matashi mai jini a jika, namiji, wanda bai wuce shekara 28 ba. Dole ya kasance lafiyayye, mai kyan siffa, marar iyali, kuma ya yi shekara 5 yana aikin lissafi. Idan ka cika waɗannan sharuɗɗa ka turo takardunka da hotonka."

In akwai kuskuren rubutu a gyara mini.

Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Rubutu kam lafiya lau. Lissafin ne ya ɗaure mini kai: bai wuce 28 ba, amma ya yi shekara 5 a bakin aiki. Kenan ranar da ya ajiye biro a jarrabawar ƙarshe, washegari aiki ya zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Irin wannan mai sa'ar in kin same shi ki tambayar mana shi sirrin.

Zulai: Anti Rabi, ki yi haƙuri zan faɗi abin da ba ki tambaya ba. Ni akanta ce, shekarata 11 ina wannan aiki. Na karanta tallan nan ina ƙirga sau nawa aka kore ni: ni mace ce, ɗaya. Na haura 28, biyu. Ina da miji da 'ya'ya, uku. Da keken guragu nake yawo tun da shan inna ta taɓa ni ina ƙarama, to "lafiyayye" ma ta fitar da ni, huɗu. Kyan siffa kuma ban san wa zai yi alƙalanci ba. A duk layukan nan abu ɗaya ne kawai ya shafi lissafi, wato shekara 5 ɗin. Sauran hoton wani mutum ne da kike gani a zuciyarki.

Hajiya Rabi: Subhanallahi. Ƙanwata wallahi ban yi don in ɓata wa kowa ba. Tsohon tallan da aka yi amfani da shi wancan karon na ɗauko, na canza shekaru kawai.

Malam Habu: Hajiya kada ki bari a firgita ki. Na yi shekaru ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, kuma abin da na gani shi ne: mai kamfani ya riga ya san wanda yake so. In ya rubuta, ya hutar da mutane. In aka hana shi rubutawa, zuciyarsa ba ta canza ba. Mace za ta buga takardu, ta yi sammako, ta bi layi tun safe har la'asar, a yi mata murmushi a ce "za mu neme ki", alhali tun kafin ta shigo an gama magana. Wanne ya fi tausayi? Ni dai na fi son a gaya mini gaskiya a bakin ƙofa da a shigar da ni falo a yi mini ƙarya.

Baba Tanko: Habu, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma bari wanda ya ji a jikinsa ya yi magana. Ina da shekara 49 aka rufe wurin da nake aiki. Wata 14 na yi ina bin sanarwar aiki kamar mai neman ɓataccen ɗa. Abin da ya fi ci mini rai ba ƙin ɗaukata ba ne. A'a, in buɗe sanarwa, in ga kowane aiki da aka lissafa na iya shi ido rufe, sai a layi na ƙarshe in ga "kada ya wuce 35". Ko damar a gan ni a ƙi ni ban samu ba. Wurin da ya ɗauke ni daga baya, sanarwarsu ba ta ambaci shekaru ba. Bayan na kwana biyu, shugaban da kansa ya ce mini shi yaro ya yi niyyar ɗauka, sai da ya ga na warware musu wani lissafi cikin minti 20 a wurin ganawa ya canza shawara. Da ya rubuta abin da ke ransa, da ban ma tura takarda ba, shi kuma da bai taɓa sanin ra'ayinsa yana iya sauyawa ba.

Malam Habu: Baba, wannan sa'a ce ta mutum ɗaya. Ba a gina doka a kan sa'a.

Barista Aminu: Tunda an ambaci doka bari in sa baki, don wannan gardamar an yi ta a kotuna tun kafin a haifi yawancinmu. A Amurka, har cikin shekarun 1960 jaridu suna raba shafin neman ma'aikata gida biyu: ga layin maza, ga layin mata. Injiniya da manaja a wancan gefe, sakatariya da mai karɓar waya a wannan gefe. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta tallan aiki da ke nuna fifiko saboda launin fata ko addini ko jinsi ko asalin ƙasa, amma jaridu suka ci gaba da abinsu. Sai a 1973 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar jaridar Pittsburgh Press, ta yanke cewa hana wannan rabon bai tauye 'yancin jarida ba. Alƙalai 5 suka amince, 4 suka ƙi, ku ga yadda abin ya yi zafi. Ta fannin shekaru kuma suna da dokar 1967 mai kare 'yan shekara 40 zuwa sama, kuma ƙa'idojin hukumar da ke aiwatar da ita sun ambaci kalmomi irin su "matashi", "yaro", "yarinya", "wanda ya gama jami'a kwanan nan" a matsayin waɗanda ba a so a gani a talla. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta lissafa abubuwa 9 da ba a nuna wa mutum bambanci a kansu, har da ciki da haihuwa da aure, ta kuma taƙaita tambayar mai neman aiki game da lafiyarsa kafin a yi masa tayin aikin. Sannan akwai yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka amince da ita. Kowace ƙasa da tata dokar da kuma ƙarfin aiwatarwarta, amma tallan Hajiya, a yadda yake, a wurare da dama zai iya kai ta gaban alƙali.

Hajiya Rabi: Barista ka tsorata ni. To yanzu ko mai gadin da zai caje mata a bakin ƙofa ba zan iya cewa mace nake so ba?

Barista Aminu: Za ki iya, ranki ya daɗe. Dokokin nan sun bar ƙofa ga abin da aikin kansa ya wajabta. Yarjejeniyar 1958 ta faɗa ƙarara cewa sharaɗin da ya samo asali daga ainihin buƙatar aikin ba wariya ba ne. Mai caje jikin mata, mai kula da gidan da mata ke fakewa daga cin zarafi, ɗan wasan da zai fito a matsayin dattijo, duk waɗannan akwai hujja. Tambayar ita ce: in aka cire sharaɗin, aikin zai lalace? Littafin lissafi bai san ko hannun namiji ne ya rubuta shi ba.

Hajiya Rabi: To bari in faɗi gaskiya, tunda ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na ce namiji ne saboda ƙarshen wata mukan kai ƙarfe 9 na dare muna rufe lissafi. Na ce marar iyali saboda wadda na taɓa ɗauka a wani sashen ta tafi hutun haihuwa daidai lokacin da aiki ya yi mana yawa. Lafiyayye kuma saboda akan shiga sito a ƙirga kaya.

Zulai: Yauwa Anti, yanzu kika rubuta tallan gaskiya. Ki sa haka: "Ƙarshen kowane wata ana kai wa ƙarfe 9 na dare na kwana biyu ko uku. Ana shiga sito ƙirga kaya sau kaza a wata." Ki bar kowa ya auna kansa. Akwai macen da daren bai dame ta ba, akwai saurayin da ƙarfe 5 na yi zai ce yana da uzuri. Ni ina shiga sito da kekena, ina ƙirga kaya da na'urar hannu, kwalin da ke sama wani ya sauko mini da shi, kamar yadda ake sauko wa duk akantan da ba shi da tsawo. Maganar haihuwa kuwa, marar iyalin da kika ɗauka yau zai iya yin aure baɗi, zai iya karya ƙafa, zai iya samun aikin da ya fi naki ya tafi ba sallama. Ba ki sayi tabbas ba, kin dai rage masu zuwa.

Sadiq: Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Kalma ɗaya, "lafiyayye", tana iya sa mutum ɗaya cikin shida ya rufe shafin.

Malama Asabe: Ni ta ɓangaren harshe zan shigo, don nan ne sana'ata. Ko da Hajiya ta goge kalmar "namiji", tallan nan namiji ne daga kai har ƙafa: matashi, wanda, ya kasance, lafiyayye, ka cika, takardunka. Hausa ba ta barin mutum ya yi magana da tilo ba tare da ya zaɓi jinsi ba. Ko "ka" ko "ki", ko "ya" ko "ta", ko ma'aikaci ko ma'aikaciya. Amma harshen da ya kawo ciwon shi ya zo da maganin, kuma a arha: jam'i. "Ku", "su", "masu", "waɗanda" ba su da namiji ba su da mace. "Masu sha'awa su turo takardunsu." Shi kenan. Ga kuma "a" ɗin nan tamu mai albarka da ba ta nuna kowa: "A turo takardu kafin ranar kaza." Ba sai an cika takarda da wanda/wadda, ya/ta, shi/ita ba, abin da ke sa karatu ya zama kamar tafiya a kan tsakuwa.

Malam Habu: Malama, ai kowa ya san "duk wanda" ya haɗa maza da mata. Haka muka taso muka ji ana faɗa. In aka ce "duk wanda ya makara za a hukunta shi", ɗalibai mata ba sa cewa ban da su.

Malama Asabe: Haka ne Malam, a nahawu ya haɗa. Amma gwada wannan a aji: ka ce wa yara su zana "wanda ya iya gyaran mota", ka ga mata nawa za su fito a takarda. Kunne yana jin ƙa'ida, ido kuma yana ganin hoto. Kuma ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Masu Faransanci da Jamusanci su ma sunayen sana'o'insu suna da na namiji da na mace, shi ya sa za ka ga tallan aiki na Faransanci da H/F a gaban sunan aikin, wato namiji ko mace. Mu ba ma buƙatar haruffa, jam'i ya ishe mu. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne akasin haka: "ana neman sakatariya", "ana neman mai reno, ta kasance mai haƙuri". Nan kuma maza aka kora, ba mai cewa uffan.

Sadiq: Akwai gwajin da aka yi a kan wannan tun 1973. Sandra Bem da Daryl Bem sun ba ɗalibai tallan aikin kamfanin waya. Da aka rubuta aikin hawa turakun waya da harshen maza, kashi 5 cikin 100 na matan ne suka nuna sha'awa. Da aka rubuta aikin dai ba tare da karkata ba, suka kai kashi 25. Aiki ɗaya, turke ɗaya, tsani ɗaya. A 2011 kuma Danielle Gaucher da Justin Friesen da Aaron Kay suka nuna abin ya wuce "shi" da "ita". Tallan ayyukan da maza suka fi yawa cike yake da kalmomin gasa da mamaya da nuna ƙarfi, kuma idan mata suka karanta irinsa sha'awarsu takan ragu. Abin lura, ba wai suna jin ba za su iya ba ne. Suna jin wurin ba nasu ba ne. Irin "jarumi", "namijin duniya", "mai fafatawa ba sani ba sabo" da muke gani a tallan masu sayar da kaya, ai ka san wa ake kira.

Malam Habu: Tunda an koma kawo bincike, ni ma ina da nawa, Sadiq. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun tura takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Shikago, sakamakon ya fito a 2004. Takarda iri ɗaya, suna kawai aka canza. Masu sunan fararen fata sun fi masu sunan baƙar fata samun kira da kashi 50 cikin 100. Ga inda nake so ku tsaya: kamfanonin da suka rubuta a tallansu cewa su masu ba kowa dama daidai ne, sun nuna bambanci daidai da waɗanda ba su rubuta ba. To ina amfanin kwalliyar baki? An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Zulai: A nan kam na yarda da kai, Malam. Na taɓa zuwa ganawa a wani wuri da tallansu ya ce suna maraba da masu buƙata ta musamman. Na isa na tarar da ɗakin ganawar a hawa na biyu, ba lif, matakala 30 da wani abu, na ƙirga su ina zaune a ƙasa. Mai gadi ya ce ko ya goya ni. Na ce na gode, na juya. Irin wannan jumlar in ba a shirya mata ba gara babu. Amma ka lura, wannan hujja ce a kan masu ƙarya, ba hujja ce ta rubuta "lafiyayye" ba.

Barista Aminu: Malam Habu, tambayarka ta farko an gwada ta a zahiri. A watan Maris na 2019 wani babban shafin neman aiki a birnin Shiyamen na ƙasar Sin ya cire duk inda masu kamfani suka rubuta "maza kawai" ko "mata kawai", dare ɗaya. Peter Kuhn da Kailing Shen sun bi diddigin abin da ya biyo baya. In maganarka ce gaskiya, da masu nema sun canza amma waɗanda ake kira ba su canza ba. Ba haka aka gani ba: matan da aka kira a ayyukan da a da ake neman maza sun ƙaru, mazan da aka kira a ayyukan da ake neman mata su ma sun ƙaru. Ma'ana da yawan masu rubuta "namiji" ba wani aƙida suka riƙe ba, tsohon talla suka kwafa kamar Hajiya. Da takarda mai kyau ta zo gabansu, suka kira.

Malam Habu: Kira ba ɗauka ba ne, Barista.

Barista Aminu: Gaskiya ne. Amma ba a ɗaukar wanda ba a kira ba.

Sadiq: Wani abu kuma da ba a gani a rubutu: wa tallan yake isa gare shi? Kafin 2019 mai talla a Facebook yana iya zaɓar maza 'yan 22 zuwa 35 kawai su ga sanarwar aikinsa, sauran ko labari ba za su ji ba. Sai da aka kai ƙara, a watan Maris na shekarar kamfanin ya amince ya hana wannan zaɓin a tallan aiki da gidaje da bashi a Amurka. Amazon ma sun taɓa gina manhajar tace takardun masu neman aiki, suka koyar da ita da takardun shekara 10 da suka gabata, waɗanda galibinsu na maza ne. Sai manhajar ta koyi rage maki in ta ga kalmar "mata" a takarda, kamar shugabar ƙungiyar wasan dara ta mata. Reuters ta ba da labarin a 2018, kamfanin ya watsar da aikin. Don haka Hajiya, in za ki biya a yaɗa miki tallan, kada ki goge "namiji" a rubutu ki je ki danna shi a wurin zaɓar masu gani.

Baba Tanko: Ɗana, ka ƙara mata da maganar hoto. Me akanta zai yi da hoto tun kafin a gan shi? Furfurata aka fara gani kafin takardata.

Hajiya Rabi: Kai jama'a, kuskuren rubutu na ce a duba mini, kun kwance mini tallan gaba ɗaya. To ga shi, Malama Asabe ki duba Hausar:

"ANA NEMAN AKANTA. Aikin: riƙe lissafin shige da fice na kamfanin rarraba kaya, shirya albashi, daidaita lissafi da na banki, da ƙirgar kaya a sito sau biyu a wata. Ƙarshen wata akan kai ƙarfe 9 na dare na kwana biyu ko uku. Ana buƙatar iya aiki da Excel da ƙwarewar aƙalla shekara 3 a lissafin kasuwanci. Masu sha'awa su turo takardunsu, ba a buƙatar hoto. Za a yi gwajin lissafi na awa ɗaya ga duk waɗanda aka kira. Masu buƙatar wani tanadi na musamman ranar gwajin su sanar da mu."

Na rage shekarun zuwa 3, don da na zauna na tuna, wanda zai tafi ɗin nan da shekara 2 ya zo mana.

Malama Asabe: Hausa ta zauna daram. "Aƙalla" ɗin ma ya yi.

Malam Habu: Ya fi na farko bayani, wannan ba zan musa ba. Ko ni da na karanta na san aikin da za a yi. Amma Hajiya ina nan ina jira, ranar da kika ɗauka ki dawo zauren nan ki gaya mana wa kika ɗauka. In saurayi ɗan 27 ne marar iyali, zan tuna muku.

Hajiya Rabi: In shi ya ci gwajin ai sai ka yi haƙuri, Malam. Takardun gwajin lamba zan sa musu ba suna ba, in ba wani ya duba.

Baba Tanko: Akwai ƙanin wani abokina da ya haura 40, zan tura masa yanzu.

Zulai: Anti, tambaya ɗaya kafin in tura wa wata ƙawata. Ofishin lissafin naku a ƙasa yake ko a bene?

Hajiya Rabi: A bene yake, ƙanwata. Ba lif.

Zulai: To.

Hajiya Rabi: Akwai wani ɗaki a ƙasa kusa da sito da muke tara tsofaffin fayiloli. Ƙofar ce ban tabbata faɗinta zai ɗauki keke ba. Faɗin keken naki nawa ne? Gobe in na shiga zan sa a auna, sai in saki tallan jibi.